Kayen Ranar Farko da Hukuncin Ƴan Kallo a Damargu

Idan sanyi ya kama, aka gama shigar da damman hatsi rumbu, hankalin mutanen Damargu yakan koma wuri guda, wato filin kokowa ta ƙasa. Daga Tanut zuwa Balbeji, daga Gangara zuwa Bakin Birji, da wuya a sami rumfar mai shayi ko tashar mota da ba a kewaye akwatin rediyo ko wayar hannu ba, ana sauraron yadda ƴan kokowar jahar Damagaram suka kwana. Makiyayi a bakin rijiya yakan tambayi matafiyi labarin fili tun kafin su gama gaisawa. In labari ya zo da daɗi, gari ya ɗauki guɗa. In kuwa aka ce tun ranar farko an kayar da shida ko bakwai daga cikin goma, to, kafin a kira sallar magariba an riga an yanke wa ƙungiya hukunci: an tsige mai horarwa da baki, an tuhumi masu zaɓe, an raba ƴan kokowa gida biyu, raggaye da maciya amana.

Wannan zafin rai yana da asali mai kyau, domin mutum ba ya jin ciwon abin da bai ƙauna. Amma harshen ɗan kallo yana da nauyi fiye da yadda shi kansa yake zato, kuma hukuncin da aka yanke cikin fushi yakan faɗa kan wanda bai fi kowa laifi ba. Saboda haka ya dace a auna waɗannan maganganu ɗaya bayan ɗaya, a ga wadda ke da tushe da wadda iska ce kawai.

Kamar yadda aka sani, an fara gasar kokowa ta ƙasa a birnin Tawa cikin shekarar 1975, inda Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan jahar Maraɗi, ya zama sarkin fili na farko. A tsarin da gasar ta zauna a kai, jahohi takwas ke haɗuwa, kowace da ƴan kokowa 10, jimla 80. Kowace jaha tana karawa da sauran bakwai, ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan waɗanda ba a kai ƙasa ba ko sau ɗaya su ne ke ci gaba da neman takobi. Wanda ya rage a tsaye shi ake naɗa wa rawani, a miƙa masa takobi, a ba shi doki da kayansa da kuɗi masu kauri.

Jahar Damagaram ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Sunan Langa-Langa na nan a kan filin kokowar birnin Damagaram, kuma dattawa ba su mance da Badamasi da Balla Haruna ba. A shekarar 2013 Aliyo Salau ya ɗauko takobi daga Yamai, a 2018 kuma Tasi'u Sani ya riƙe shi a gida, gaban jama'arsa. Daga nan sai ƙofa ta rufe: tun daga 2019 har zuwa 2024 takobi bai sake kwana a Damagaram ba. Cikin waɗannan shekaru ne Kadri Abdu na Doso, wanda ake kira Isaka Isaka, ya mamaye fili, har ya cika takobinsa na shida a Agadas cikin watan Disamba na 2023. Jama'ar da ta saba da ɗaukaka, in ta yi shekaru tana kallon wasu na murna, haƙurinta yakan gajarta. Wannan shi ne dalilin da ya sa kayen ranar farko ke yi wa mutanen Damargu zafi irin wanda ya wuce girmansa.

Maganganun da ake ji a fada da kasuwa

Wanda ya zauna a majalisun Tanut da Balbeji cikin irin waɗannan kwanaki zai tarar da ra'ayoyi huɗu suna zagayawa.

Na farko shi ne na masu cewa laifin zaɓe ne. A ganinsu, gundumomin kudu, irin su Magarya da Kance da Mirya, sun fi yawan jama'a, sun fi kusa da idon masu zaɓe, shi ya sa ƙarfafan arewa ba su samun rabonsu. Kowane ƙauye yana da saurayin da aka yi imani da cewa da an tafi da shi da labari ya sake.

Na biyu shi ne na masu ganin sha'anin asiri ne. Su kan ce abokan karawa sun fi shiri wajen malamai da bokaye, ko kuma an karya layar wane, ko an taka masa sawu tun a ƙofar fili. Kowa ya ga yawan guraye da kambuna da goran rubutu da ake shiga da su fili ya san wannan ra'ayi yana da mabiya har cikin ƴan kokowar kansu.

Na uku na dattawa ne, masu cewa yaran yanzu ba su da ƙashi. A cewarsu, ɗan kokowar da can yakan yini yana huɗa da hauya, ya sha fura da nono, ya yi tafiyar ƙasa zuwa garin da ake kiɗa, ya yi kaye ya komo. Na yanzu kuwa shayi da babur da wayar hannu sun cinye shi, kuma idonsa na kan ambulan kafin ya kama ƙugun abokin karawa.

Na huɗu shi ne na samari masu bin wasannin ƙwallo na ƙasashen waje, waɗanda suka koyi cewa in ƙungiya ta yi rauni mai horarwa ake kora. Su kan ƙara da alƙalan wasa, su ce an yi son kai wajen ba da gargaɗi.

Bayan waɗannan akwai ƴan tsiraru masu cewa a yi haƙuri, kwana bakwai ba kwana ɗaya ba ne. Da sun buɗe baki sai a tare su da karin maganar nan, cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Abin da ranar farko ke nunawa

Lissafi ya fi goyon bayan masu haƙuri. Kowace jaha tana da karawa 70 a zagayen farko, ranar farko kuwa 10 ce kawai daga ciki. Sa'an nan sakamakon wannan rana ya dogara ƙwarai ga jahar da aka fara haɗuwa da ita: ƙungiyar da ta buɗe da masu riƙe da takobi, da wadda ta buɗe da jahar da kokowa ba ta yi ƙarfi a cikinta ba, ba a auna su da mudu ɗaya. Akwai kuma gajiyar hanya, da sauyin ruwa da abinci, da faɗuwar gaban yaron da bai taɓa tsayawa gaban dubban mutane da kyamarorin talabijin ba. Abu mafi muhimmanci shi ne, takobi mutum ɗaya yake bukata. Ƙungiyar da aka kayar wa bakwai a ranar farko tana iya kasancewa sarkin shekara yana cikin ukun da suka rage, kamar yadda wadda ta fara da tara a tsaye take iya wayar gari ranar ta bakwai ba ta da ko ɗaya.

Ko a ƙasashe masu nisa an ga irin wannan. A Amurka akwai wasan besbol, wanda ake bugun ƙaramar ƙwallo da kulki, inda kowace babbar ƙungiya ke yin wasa 162 a shekara. A 2019 ƙungiyar birnin Washinton, mai suna Nationals, ta ci 19 kawai daga wasanninta 50 na farko, aka cinye ta 31, har magoya bayanta suka fara neman a sallami mai horarwa. A watan Oktoba na wannan shekara ita ce ta ɗauki kofin ƙarshe. Kuma ba sai an je Amurka ba: a Disamban 2024, a cikin garin Doso, gidan mai takobi shida, Abba Ibrahim na Yamai ne ya tafi da takobi. Fili ba ya yi wa kowa alkawari, kuma ba ya yanke wa kowa ƙauna tun da safe.

Duk da haka masu kawo maganar Laraba da Juma'a suna da gaskiya ta wani gefe, kuma bai kamata a rufe ido a kanta ba. Ɗan wasan da ke da wasa 162 yana da lokacin gyara kuskurensa. Ɗan kokowa kuwa kaye ɗaya ya raba shi da takobin shekara. Ban da wannan, kaye iri-iri ne. Akwai na tsautsayi, inda ƙafa ta zame ko aka yi wa gwani shammata cikin ƙiftawar ido. Wannan ba ya nuna komai. Akwai kuma kayen wanda numfashinsa ya ƙare, gwiwoyinsa suka yi sanyi, ya riƙa ja da baya yana neman igiya tun kokowa ba ta yi nisa ba. Idan irin wannan na biyu ya yawaita cikin ƙungiya ɗaya, lalle alama ce, kuma ɗan kallo mai ido yana da haƙƙin faɗarta. Sai dai abin da take nunawa ya faru ne watanni kafin a buga gangar farko, a wuraren da kyamara ba ta zuwa. Laraba ta gaskiya tana can cikin kaka, a dandalin ƙauye.

Tushen abin yana gida

Kokowa ɗiyar hatsi ce. Tun kafin a san gasar ƙasa, wasa ne na bayan girbi, lokacin da rumbu ya cika, samari suka ƙoshi, garuruwa suka gayyaci juna da goro. Damargu kuwa an daɗe da saninta da hatsi: ita ce rumbun da ayarin Azbinawa ke sauka su yi awo kafin su koma duwatsunsu. Ƙasar da ke ciyar da maƙwabta ba ta rasa ƙarfafa.

Amma Damargu tana bakin iyakar noma. A garin Tanut, mai nisan kilomita kusan 150 arewa da birnin Damagaram, ruwan sama a yawancin shekaru bai cika wuce milimita 300 ba. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun karya gidaje da garkuna masu yawa, kuma tun daga lokacin damina mai kyau ta zama baƙuwar da ba a san ranar zuwanta ba. Shekarar da gona ba ta ba da abin kai wa rani ba, saurayi ba ya tsayawa jiran kiɗa. Da an yanke hatsi sai ya ɗauki jakarsa, ya nufi Agadas ko Libiya ko Aljeriya, ko ya gangara Nijeriya cin rani. Daga 2014, da aka gano zinariya a Jado da wasu wurare na arewa, hanyar ta ƙara faɗi, kuma waɗanda ta fi ɗiba su ne masu ƙarfin damtse, wato ainihin waɗanda dandali ke bukata. Babbar hanyar da ta ratsa Tanut zuwa Agadas tana kwasar ƴan kokowa fiye da yadda kowane mai zaɓe zai iya zubarwa.

Idan aka dubi ra'ayoyin nan huɗu da wannan fitila, sai kowane ya koma matsayinsa. Mai kukan zaɓe ya tambayi kansa ko saurayin da yake alfahari da shi yana gari ranar da aka yi zaɓen gunduma, kuma wa ya biya masa kuɗin mota zuwa Tanut, balle zuwa Damagaram. Dattijo mai cewa yara ba su da ƙashi ya tuna cewa ƙashi a dandali ake yin sa, kuma dandalin da ake share shi sau ɗaya a shekara ba ya haifar da gwani. Mai neman a kori mai horarwa ya san cewa ƴan kwanakin da ake killace ƙungiya kafin tafiya ba su isa su gina numfashin da ba a tara ba cikin wata uku; ba a fafe gora ranar tafiya. Maganar asiri kuwa, ko me mutum ya ɗauka game da ita, kowace jaha tana shiga fili da nata, kuma ba a taɓa ganin laya ta hana wanda bai ƙoshi ba haki.

Akwai kuma wani abu da majalisu ba su cika son tattaunawa ba, shi ne halin ɗan kallo kansa. Al'ada ta zama sai mutum ya yi kaye ake yi masa kari. Ranar da ya ɗaga abokin karawa, attajirai da masu muƙami suna rige-rigen a ambaci sunansu a lasifika, wannan jika goma, wancan jika hamsin, wani babur. Amma cikin watannin shiri, lokacin da yake bukatar tiyar hatsi da nono da ɗan nama, da wanda zai tsaya masa a kan iyalinsa don kada ya tafi biɗa, ba ya ganin kowa. Kyauta tana zuwa bayan an daina bukatarta, zagi kuma yana zuwa lokacin da ya fi cutarwa.

Zagin nan yana da farashi. Ɗan kokowa ba baƙo ba ne da zai tattara kayansa ya koma wata ƙasa. Manomi ne ko makiyayi, ɗan wane jikan wane, wanda zai dawo ya ci kasuwa ɗaya da masu zaginsa. A zamanin rediyo kaɗai maganar majalisa a majalisa take mutuwa. Yanzu kuwa saƙon murya da aka ɗauka a Balbeji yana isa kunnen ɗan kokowa a masaukinsa a daren ranar, kafin karawar gobe, yana kuma isa kunnen mahaifiyarsa. Wanda aka kira maci amana saboda kaye ɗaya yakan yi ɗayan biyu: ko ya ajiye walki tun ƙarfinsa bai ƙare ba, ko ya karɓi kiran wata jaha da ta san darajarsa. Ba sabon abu ba ne a ga ɗan wata ƙasa yana kaye da sunan wata, mutanen garinsu na cizon yatsa. Ƙanensa kuma, da ya ga abin da aka yi wa yayansa, sai ya zaɓi ramin zinariya.

Abin da ya kamata a yi

Gyara ba ya bukatar dukiya mai yawa, yana bukatar a fara shi da wuri. A zamanin da aka farfaɗo da samariya, cikin shekarun 1970 da 1980, kowane gari yana da waɗanda aka ɗora wa nauyin shirya wasa da tarbar baƙi, kuma daga irin wannan ƙasa ce manyan sunaye suka tsiro. Wannan tsari ya wuce, amma aikin da yake yi bai wuce ba, kuma akwai masu iya ɗaukarsa: sarakuna da hakimai, magadan gari, ƙungiyoyin matasa, da tsofaffin ƴan kokowa da ke zaune ba a tambayarsu komai.

Ya kamata kowace ƙaramar hukuma ta gundumomin biyu, Tanut da Gangara da Olelewa da Falanko da Tanhiya da Tarka, ta tsayar da ranakun kokowa tun farkon kaka, a haɗa su da ranakun manyan kasuwanni, domin saurayi ya sami dalilin jinkirta tafiya, masu zaɓe kuma su ga kowa da idonsu. Balbeji, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, tana da damar fitar da nata gwanaye ba tare da ta ratsa ta hannun kowa ba, in ta shirya. Ya kamata zaɓe ya kasance a fili, gaban jama'a, a rubuta wanda ya kayar da wane, don a rufe ƙofar zargi. Ya kamata kuma magoya baya su kafa asusu irin na gayya: dami ɗaya daga manomi, ƙwaryar nono daga makiyayi, kujerar mota daga direba, abin da ya sawwaƙa daga ɗan kasuwa da ma'aikaci. Gundumar da matatar man fetur ke zaune a cikinta tun 2011, wadda kuma kasuwanninta na dabbobi ke cika manyan motoci zuwa kudu, ba za a ce ta kasa ciyar da samari goma na wata uku ba. Rabin abin da ake watsawa a fili ranar murna, da an ba da shi tun watan Oktoba, da ya yi aikin da ya fi haka.

Ba a ce ɗan kallo ya yi shiru ba. Kokowa ba tare da sowa da gardama ba ta zama aikin gona; makaɗa da maroƙa da cali-cali duk don jama'a suke, kuma suka mai ma'ana tana tayar da mai barci. Abin nema shi ne sukar ta kasance ta masani: ta bambanta kayen tsautsayi da na rashin shiri, ta jira kwana bakwai su cika kafin ta yi jimla, ta tsaya kan aiki ba tare da ta taɓa mutunci ko iyaye ba. Wanda ya ba da damensa cikin kaka, bakinsa yana da iko cikin sanyi, kuma in ya yi faɗa za a saurare shi. Wanda bai san inda ɗan kokowa ya kwana ba sai ranar da ya faɗi, ya dace ya sassauta murya.

Takobi yana yawo, bai taɓa yin gida na dindindin ba. Ya zauna Maraɗi, ya zauna Tawa, ya daɗe a Doso, ya sha zuwa Damagaram, kuma babu abin da zai hana shi komowa. Ranar da zai komo, hanyarsa za ta bi ta dandalin wani ƙauye da aka share tun hatsi na gona, inda wani yaro ya sami mai ce masa ya tsaya bana, za a ɗauki nauyinsa. Ko wannan ƙauye zai kasance cikin Damargu, amsar tana hannun masu zama kewaye da rediyo.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya ba mai rabo sa'a.